Me ya sa ake zuba miliyoyi a kan ayabar da aka liƙa a bango?

Ka tambaya me ke sa masu tara kayan fasaha sayen aikin da jama'a ke ta ce-ce-ku-ce a kansa. Mu ɗauki aikin da ake kira Comedian na Maurizio Cattelan, mai fasaha ɗan Italiya: ayaba ɗaya ce aka liƙa a bango da tef. A baje kolin kayan fasaha na Art Basel a Miami a 2019 an sayar da shi dala 120,000. A Nuwamba 2024 Justin Sun, wani ɗan kasuwar kuɗin intanet (crypto), ya saye shi a gwanjon Sotheby's kan dala miliyan 6.2, daga baya ya cinye ayabar a gaban 'yan jarida.

Takardar shaida ce ya biya wa kuɗin. Ita ke ba shi ikon kafa aikin da sunan Cattelan, kuma tana tafe da ƙa'idoji: a liƙa ayabar kimanin santimita 160 daga ƙasa, a riƙa sauya ta duk kwana 7 zuwa 10 kafin ta yi baƙi. Kwafi uku kacal aka fitar don sayarwa, ƙarancin nan ke riƙe farashi.

Surutun kuwa riba ne. Duk wanda ya zagi aikin ya ƙara masa suna, mai saye ya shiga bakin duniya. Wasu kuma tunanin ne ke jan su da gaske, irin tambayar da mai fasaha Marcel Duchamp ya tayar a 1917 da ya gabatar da kaskon fitsari a matsayin aikin fasaha: wa ke yanke hukuncin mene ne fasaha? A ganina wannan dalilin ya fi ƙarko.

Inda ake tafka asara shi ne ɓatar da takardar. In ta salwanta, da wuya gidan gwanjo ya karɓi aikin, sai a bar ka da ayaba da tef.