Kuɗin naƙasa na wata-wata: ta ina ake samun ƙari?

Tambaya: Mahaifina direban wani kamfani ne, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi yana da shekara 48. CNSS, hukumar fanshon ma'aikata ta Nijar, na biyansa fanshon naƙasa, amma ko magani ba ya isa. Akwai hanyar ƙari? Daga wata mai karatu a Birni, Damagaram.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ƴar'uwa. Akwai hanya, kuma wadda ta fi tsoka ita mutane suka fi rashin sani. Idan naƙasar ta kai mutum ba ya iya wanka, cin abinci, sa tufafi ko zagayawa sai da mai taimako, doka ta ba shi ƙarin rabin fanshonsa: mai karɓar jika 30 a wata zai koma jika 45. Sai dai ba a ba da shi sai an nema a rubuce, likitan CNSS ya duba ya tabbatar.

A nan ake yawan faɗuwa. Takardar likitan da ke kula da majinyaci kan ce "shanyewar ɓarin dama" ta tsaya, alhali abin da ake son gani shi ne abin da mutum ya kasa yi. Ki roƙi likitansa ya rubuta dalla-dalla: ba ya tashi daga shimfiɗa shi kaɗai, ba ya riƙe cokali, sai an ɗauke shi zuwa makewayi. Ranar dubawa kuma ki raka shi. Dattawanmu da kunya da dauriya, likita na tambaya "Yaya jiki?" sai su ce "Da sauƙi, alhamdu lillahi", har su yunƙura su miƙe don kada a ga kasawarsu. Abin da likita ya gani ranar shi zai rubuta.

Sannan ki duba lissafin fanshon shi kansa. Fanshon ya dogara kan albashin da aka bayyana wa CNSS da yawan watannin da aka zuba kuɗi. Wanda ya naƙasa kafin shekara 60 ana ƙara masa wata shida kan kowace shekarar da ta rage, wato Baba na da shekara shida ta kyauta a lissafinsa. Ki je ofishin CNSS na Damagaram da lambarsa, ki nemi takardar da ke nuna watannin da aka zuba masa, ki gwada da takardun albashinsa. Sau da yawa mai kamfani na cire kuɗin daga albashi bai kai ba, ko ya bayyana albashin da bai kai na gaskiya ba. In kin ga giɓi, ki kai ƙorafi a rubuce, ki kai kwafi ofishin sufeton ƙwadago. Kada ki bar takarda ta asali a hannun kowa, kuma kowace wasiƙa a buga miki hatimi da kwanan wata a kwafinki.

Akwai kuma ƙasan da fansho ba ya sauka: kashi 60 cikin 100 na albashi mafi ƙanƙanta. Daga Janairun 2024 wannan albashi ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000, kashi 60 ɗinsa kuwa 25,200 ne. In abin da Baba ke samu a wata bai kai haka ba, ki nemi bayani.

Tambaya: Inji ya cinye mini yatsu a wurin aiki, likita ya yanke mini kashi 30 na naƙasa, amma kuɗin da nake samu bai kai kashi 30 na albashina ba. An cuce ni ne? Daga wani magidanci a Mirya.

Amsa: Ba lallai ba, malam, haka lissafin hatsarin aiki yake. Duk kashin da bai wuce 50 ba rabinsa ake ɗauka, abin da ya haura 50 kuma a ninka shi sau ɗaya da rabi. Kashi 30 ɗinka ya zama 15. In albashinka jika 80 ne, jika 12 ke nan a wata. Wanda aka yanke wa kashi 60 yana da 25 daga hamsin ɗin farko, da 15 daga goman da ta haura, jimla 40, wato jika 32 a kan wannan albashin. Ƙarin naka zai zo ne in hannun ya ƙara lalacewa, misali sauran yatsun sun sandare: ka nemi a sake dubawa, da sabon hoton ƙashi da takardar likita. Ka sani fa, in an ga sauƙi aka samu, kashin na iya raguwa.

Tambaya: Yayata makauniya ce, ba ta taɓa aikin albashi ba. An turo mana saƙo a WhatsApp wai gwamnati ta ƙara kuɗin naƙasassu, a tura jika 2 a yi rajista. Daga wani matashi a Garin Malam.

Amsa: Kada ku tura ko dala, damfara ce. Kuɗin CNSS na waɗanda suka yi aikin albashi aka zuba musu ne. Tallafin da aka raba wa gidaje masu ƙaramin ƙarfi, jika 10 a wata daga baya jika 15, na ɗan lokaci ne, kuma talaucin gida ake dubawa. Wannan giɓi yana ci mana tuwo a ƙwarya, don mafi yawan naƙasassun jihar Damagaram manoma ne da masu sana'ar hannu, ba su da lambar CNSS. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, ta kafa doka mai lamba 2019-62 a Disamban 2019, an kuma ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. A ganinmu lokaci ya yi da za a ɗora kuɗin wata a kai, ko kaɗan ne, a fara da masu naƙasa mai tsanani.

Kafin nan, ka raka Yaya ofishin kula da jin daɗin jama'a na jiha da takardar haihuwarta, hotuna da takardar likitan ido, a sa sunanta a rajista. Ta kuma shiga ƙungiyar makafi da ke ƙarƙashin tarayyar naƙasassu ta ƙasa, FNPH, domin in tallafi ko koyon sana'a ya zo, jerin sunayen ƙungiyoyi ake fara nema.