Kwalin maƙwabcina ɗan Filifin

Auta, saƙonka ya iso. Na yi dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Wai ko dole ne mutum ya riƙa aike gida duk wata, ya kuma riƙo tsaraba duk zuwa, don ka ga 'yan Filifin da kuke aiki tare a Jidda suna ta cika kwali kamar an aza musu haraji. Shekara biyu kacal da fitarka, har ka fara yi mana lissafi?

Mutanen nan na san su tun babarka tana firamare. A 1983 ina sabon malami a wata sakandaren kwana, maƙwabcina a gidajen malamai ɗan Filifin ne mai koyar da lissafi, matarsa nas ce a asibitin garin. Lokacin naira ta fi dala, makarantun Arewa cike da su da Indiyawa.

Wani dare ya buga mini ƙofa, wai in zo in zauna masa a kan kwali. Na zaci Turancinsa ne ban gane ba. Ashe wani ɗan ƙasarsu ne zai je hutu, za a ba shi saƙo. Kwalin ya kai mini ƙugu: sabulu, man goge baki, madarar gwangwani, atamfa turmi biyu daga Kantin Kwari. Wata bakwai suna tarawa. Kakarka takan ce ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya tsaya mini a rai wasu takardu ne guda shida da aka yanke da siffar tafin ƙafa, kowace da suna a jiki. Yaran gida ne suka taka aka zana, aka aiko cikin wasiƙa, da su yake shiga kasuwa yana gwada takalmi. Mafi ƙanƙantarsu ta 'yarsu ce da suka baro tana rarrafe. Na hau na danne, shi yana jan igiya, matar tana dariya tana share hawaye da bayan hannu.

A daren ne ya ba ni labari. Tsaraba tsohuwar al'adarsu ce, pasalubong suke ce mata, gwamnati ce ta zo ta hau kai. A 1974 Shugaba Marcos ya sa hannu a dokar ƙwadago da ta mai da tura ma'aikata waje aikin hukuma, saboda man fetur ya yi tsada, aiki ya yi ƙaranci, ƙasashen Larabawa kuma suna neman magina. A 1982 ya ƙara da umarnin cewa rabin albashi ko fiye sai an aiko ta bankin gida, in ba haka ba ba za a sabunta maka fasfo ba. Maƙwabcina ya ce abin da yake yi wa tsohuwarsa don Allah, ga shi an mai da shi tilas.

Marcos ya faɗi a 1986 ya bar musu tulin bashi. Corazon Aquino da ta gaje shi ta riƙa kiran masu ci-ranin nan sababbin jarumai. Yau abin da suke aikawa ya haura dala biliyan 30 a shekara, an gina gidaje, an yi karatu, amma yaron da aka karantar shi ma jirgi yake jira. Ƙasar da aka fito da IR8, irin shinkafa mai yawan yabanya, a 1966, yanzu tana cikin manyan masu sayo shinkafa daga waje. Wannan kam ban yaba ba.

Da naira ta karye, maƙwabcina bai koma gida ba, Saudiyya ya wuce. Wa ya sani, ko mai ƙaramar ƙafar nan tana cikin waɗanda kake gani.

Ku kuwa yanzu sai dai a ji waya ta yi ƙara, kuɗi sun shigo, ko "ina kwana" babu. Babanmu yakan ce zumunta a ƙafa take. Babarka dai ba ta aike ni ba, amma lamba 39 take sawa.