Farin furen okid yana fitowa fari fat a hoto

Malam, ka ce farin okid ɗinka, furen ado irin wanda ake kira Phalaenopsis, yana fitowa fari fat a hoto, jijiyoyinsa duk sun ɓace. Laifin na'urar auna haske ta cikin kyamara ne. Tana ganin bayan furen da duhu sai ta ƙara haske, farin ya ƙone.

Rage hasken da mataki 1 a ma'aunin ƙara ko rage haske na kyamara, ko kashi biyu cikin uku na mataki. A waya, taɓa furen a allo, ka ja alamar rana ƙasa har sai jijiyoyin sun bayyana. Kada ka kunna filasha, ƙyalli kawai za ta sa wa furen.

Ajiye tukunyar kusa da taga da safe, inda rana ba ta dukanta kai tsaye. A gefen da ke da inuwa, riƙe farar takarda kamar taki ɗaya daga furen ta mayar masa da haske. Baƙin yadi a baya, nisan rabin mita, don kada saƙarsa ta fito. Kyamara kuwa: sa faɗin ƙofar shigar haske a f/8 zuwa f/11, ƙarfin jin haske a ISO 100, ka ɗora ta a kan marikin kyamara mai ƙafa uku. Saita idon kyamarar a kan leɓen furen, wato ƙaramin sashen da ya turo a tsakiyarsa ta ƙasa, wurin ɗigo-ɗigon rawaya da ja. Kashe fanka, ƙaramar iska ma tana sa hoto dishi-dishi.

Gwada kuma ka tsaya ta yadda hasken zai ratso furen ta baya. Nan jijiyoyin suke fitowa kamar zaren saƙa. Furen kuɓewa ma, mai rawaya da jan ciki, haka ake masa, sai dai a kama shi da safe, don yini ɗaya yake yi.