Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa karatu Ingila

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, Allah Ya sanya albarka a gurbin karatun da ka samu a Leeds. Ka ce ka sayi littafi cike da salon maganar Turanci, kana tambaya ko ka haddace shi kafin watan Satumba.

Ni dai ban ba ka wannan shawarar ba. Da yawa daga abin da ke cikin irin waɗannan littattafan ya tsufa. Da wuya ka ji matashi a nan ya ce "raining cats and dogs", duk da yawan ruwan saman ƙasar. Abin da ke rikita baƙo shi ne ƙananan maganganun yau da kullum, waɗanda ka san kowace kalma a cikinsu amma manufar ta sha bamban.

Mai kanti zai tare ka da "You alright?" Gaisuwa ce kawai, ba wai ya ga alamar ciwo a jikinka ba, sai ka amsa a gajarce. A Yorkshire, yankin da Leeds take, har "love" za a kira ka, ba tare da wata manufa ba. "Cheers" godiya ce, "quid" fam ne, "fortnight" mako biyu. Idan mai gidan haya ya ce ku haɗu "half seven", bakwai da rabi yake nufi. Wanda ya gayyace ka "tea" da yamma a arewacin Ingila kuwa, sau da yawa abincin dare ne.

Inda na fi so ka buɗe kunne shi ne wajen malamin da zai duba aikin bincikenka. Mutanen nan suna da kara a magana, ba sa son faɗin abu gatsal. Idan ya ce "you might want to look at this chapter again", kada ka ɗauka zaɓi ya ba ka. Cewa yake babin na da matsala, ka gyara. "I'll bear it in mind" sau da yawa hanyar ƙin abu ce cikin ladabi, kamar yadda babba a gida zai ce maka "to, za mu duba". Shi kuma "not bad" yabo ne. Na ga ɗalibai masu ƙoƙari sun rasa maki saboda sun fito daga ofishin malami suna murna, alhali gargaɗi aka yi musu. Abin yana damuna ƙwarai, domin ba rashin ilimi ba ne.

Turancinmu na Najeriya ma ka sa masa ido. In ka ce "I'm coming" kana fita, za su rasa gane ka. "Well done" a nan yabo ne kan aikin da aka kammala, ba sannu da aiki ba.

A rubutun jami'a kuma ka ajiye salon magana gefe, ka rubuta a fili.

Kafin tafiya, ka riƙa sauraron shirin The English We Speak na BBC Learning English, 'yan mintuna ne kowane kashi. Ƙamus na Cambridge kyauta ne a intanet, yana nuna maka ko magana ta Birtaniya ce ko ta Amurka, ko kuma ta tsufa. In ka iso, duk abin da ba ka gane ba ka tambaya nan take, musamman a asibiti da banki da wajen sa hannu a takardar haya.

Ka gaishe min da su Hajiya, ka kuma sanar da ni ranar da jirginka zai sauka.