Farin garin da ke yin kore da hasken da ido ba ya gani

Tambaya: Malam, ni ɗalibin kimiyyar sinadarai ne a Gusau. An nuna mana wani farin gari, aka haska masa fitilar da ba mu ga haskenta ba, sai ya yi kore shar. Yaya ake haɗa shi, kuma me ake yi da shi?

Amsa: Ɗana, abin da ka gani ƙwayoyi ne masu tsarin lu'ulu'u, da yawansu ba su kai nanomita 50 ba, alhali kaurin silin gashi ya kai wajen nanomita 80,000. Galibi jikinsu sodiyam ne da itiriyam da fulorin, sai a barbaɗa itabiyam kamar kashi 20 cikin 100 da erbiyam kashi 2. Tamkar gishiri a miya ne, in erbiyam ya yi yawa hasken dushewa yake yi.

Aikin nasu adashe ne. Itabiyam na karɓar haske mai rauni, mai tsawon zango na nanomita 980, wanda ido ba ya gani, ya miƙa wa erbiyam. Shi kuma sai ya tara zubi biyu ya kwashe lokaci guda, kwasar ce koren da ka gani. Bafaranshe François Auzel ya bayyana wannan a 1966.

Wajen haɗawa, ana narka gishirin ƙarafan itiriyam da itabiyam da erbiyam cikin asid ɗin oleyik, wanda ke cikin man gyaɗarmu ma, da wani mai da ba ya saurin tafasa. A zuba sinadaran sodiyam da fulorin, a hura iskar argon don ta kori iskar da ke ciki, a kai zafi wajen digiri 300 na kimanin awa ɗaya. Gwaninta a nan take: zafi ya gaza, ƙwayar ta fito da tsarin da haskensa ba shi da ƙarfi. Sai a wanke da itanol a ware ƙwayoyin. Gishirin fulorin guba ne, kada ka taɓa shi ba safar hannu da tabarau.

Ana sa waɗannan ƙwayoyin masu haske a tawadar sirri don kama jabun takardu da kaya. Masu bincike na liƙa su a ƙwayoyin cutar daji don ganinsu, saboda hasken da ake haska musu, wanda ido ba ya gani, na ratsa tsoka fiye da shuɗin haske, amma yawancin wannan yana matakin gwaji, kada wani ya sayar maka da shi a matsayin magani.

Yashin ma'adinin monazait na tsoffin ramukan kuza a Jos na ɗauke da irin waɗannan ƙarafa. Raba su ne jidali, don halinsu kusan ɗaya ne, kuma Sin ce ke tace mafi yawansu.