Amsa ga ƙanwarmu mai son mastar a fannin bayanan lafiya

Salamu alaikum. Ƙanwata, tun daren jiya na ga tambayarki: kina da lisans ta aikin jinya, shekara 5 kina aiki a CSI, wato ƙaramar cibiyar kiwon lafiya, kina son mastar a fannin sarrafa bayanan lafiya da kwamfuta, amma ana ce miki wannan gonar ƴan informatik ce. Na bi hanyar nan, shi ya sa na kasa yin shiru.

Duk wanda ya faɗa miki haka bai taɓa kwana da rajista a ƙarshen wata ba. Lokacin da nake majo, wato shugaban ma'aikata, a wata CSI ta bakin iyaka, cikin ƙasar Madarunfa, rahotonmu ya nuna yara masu tamowa da muka karɓa sun zarce ƙiyasin da aka yi mana nesa ba kusa ba. Wani matashi gwanin kwamfuta ya bugo mini waya, ya ce hannuna ne ya goce wajen bugawa, in gyara. Na jawo rajistar na buɗe bisa cinyata, na dinga karanta masa sunayen garuruwa. Da yawa daga cikin uwayen nan daga ƙauyukan Jibiya ta Najeriya suke tsallakowa, goyo a baya, wasu tun kiran sallar farko. Shi kuwa ƙiyasin mutanen yankinmu kaɗai ya ƙidaya. Da na rage adadin, da kwalayen Plumpy'Nut, abincin masu tamowa, da za a aiko mana sun ƙare wata bai ko raba ba. Shi lamba ya gani, ni kuwa na san fuskokin yaran. Wannan sanin shi ne jarinki, kuma ba a aji ake samunsa ba.

Karatun kansa akwai nauyi, ba zan ɓoye miki ba. Za ki yi ƙididdiga, ilimin bazuwar cututtuka, yadda ake gina ma'ajiyar bayanai, lambobin cututtuka na CIM-11, kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, da suka fara aiki a 2022, da kare sirrin majiyyaci. Ƙididdigar ce ta fi ba ni wuya. Watanni na yi ina tashi ƙarfe 4 na asuba, yara na barci, lokacin da rezo ya fi kyau.

Mastar ɗin shekara 2 ce bayan lisans. Ni ta intanet na yi tawa ban bar aiki ba. Jami'o'in Bordo da Marsai na Faransa suna da sassan lafiyar jama'a da ke koyarwa daga nesa. Amma kowace makaranta kika zaɓa, ko a Yamai ko waje, ki tambaya ko CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka mai mazauni a Wagadugu, ta amince da digirin. Kuma in ke ma'aikaciyar gwamnati ce, ki nemi izinin tafiya karatu a rubuce kafin ki biya ko dala. Na san wata abokiyar aiki da ta tafi da izinin baki, ta dawo da takarda mai kyau, amma aka sha fama kafin a ɗaga mata matsayi. Har yau abin yana min ciwo.

Kafin duk wannan, gwada kanki. Manhajar DHIS2 da muke shigar da rahoton wata a ciki, jami'ar Oslo ce ta ƙasar Norwai ke kula da ita, kuma suna da darussan farko kyauta a intanet, har da Faransanci. Ki yi su. Sannan ki roƙi mai kula da bayanan cututtuka na gundumarku ya bar ki ki zauna kusa da shi ranar haɗa rahoton mako, musamman lokacin da damina ta kama, zazzaɓin cizon sauro ya cika rajistoci. In kika ga ranki na son sanin me ya sa wannan ƙauye ya fi wancan, to ki fara haɗa takardunki.

Littattafaina na ƙididdiga suna nan gida. In kin shigo Maraɗi, yi mini magana ki zo ki ɗauka. Allah Ya ba da sa'a.