Gane yabo da suka a rubutun Turanci

Malama, kin tambayi yadda za ki koya wa ɗalibanki bambance yabo da suka a rubutun Turanci. Ni da kalmomi masu kusancin ma'ana nake farawa. Nakan rubuta "thrifty" da "stingy" a allo, in tambaye su wanne ne mai tattali, wanne ne marowaci, tunda a Hausa sun san tazarar da ke tsakaninsu. Daga nan sai in kawo wasiƙar da ta buɗe da godiya, sannan "unfortunately", wato "abin takaici", ta biyo baya, domin a nan yawancinsu suke tuntuɓe, su ɗauki ladabin farko a matsayin amincewa alhali an ƙi buƙatar ne. Ki sa su ja layi a ƙarƙashin kalmar da ta juya maganar.